Daɓen Inna a ƙarƙashin ciyawar robar Yaya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɗora min wannan ba tare da sunana ba, don na san akwai 'yan garinmu a ciki, da sun ga sunan sun gane gidan. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, ga damina ta kankama, kuma ba abin da zan iya bari sai an huce ba ne.

Ni mace ce, malamar firamare, ina aure a Shagari, amma gidanmu na haihuwa yana Bodinga. Mu biyu ne wurin mahaifiyarmu, ni da wana, wanda zan riƙa ce wa Yaya kawai a nan. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Inna ce a gidan ita da wata mata da ke taya ta aiki da rana, Yaya kuma yana Abuja da iyalinsa, ba ya zuwa sai da sallah ko in wani babba ya rasu ana so a gan shi wurin gaisuwa.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane gidan. Babanmu ƙaramin ɗan kwangila ne a zamanin jamhuriya ta biyu, lokacin da in kana da hular jam'iyya da bakin gaisuwa to ka samu aiki. A lokacin ya rushe gaban gidan ya tayar da shi da bulo da siminti, da niyyar ya bi sauran a hankali har baya. Bai kai ba abubuwa suka juye, aka shiga tsuke bakin aljihu, soja suka zo, kwangila ta ɗauke kamar ruwan sama. Sai gidan ya tsaya rabi da rabi, gaba siminti, baya ginin ƙasa, kuma ɗakin Inna yana cikin na ƙasan. Yaya an haife shi a lokacin daɗin, da madarar gwangwani aka yaye shi, ni kuwa na zo an riga an koma kunu. Ban faɗi wannan don hassada ba, na faɗa ne don har yau haka yake ganin duniya, shi a wurinsa komai abin kallo ne, in ya yi kyau a hoto to ya gama yi. A waɗancan shekarun na wahala Inna ce ta riƙe gidan, kuma da daɓe ta riƙe shi. Ita ce ake kira in za a yi wa amarya ɗaki, ta tara mata, su zuba tsakuwa da laka, su yi ta bugu da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi santsi ta yi ƙarfi. Har Dingyadi ana zuwa ɗaukarta, ta dawo da gero ko dawa a ƙulle. Da siminti da tayil suka cika gari sai sana'ar ta mutu, madaɓinta ya koma ƙarƙashin gado.

Bayan ɗakin nata akwai fili, ba wani babba ba, da can awaki ake ɗaurewa. Unguwarmu gangare ce, ƙasar wurin laka ce zalla, irin wadda in rani ya yi take tsattsagewa, in ruwa ya sauka kuma ta riƙe shi ta ƙi sha, ta cire maka takalmi. Abin da ya sa ba mu taɓa samun matsala ba shi ne filin ya ɗan karkata zuwa kusurwa ɗaya, a nan akwai rariya a gindin katanga, duk ruwan da ya sauka daga indararo ta nan yake bi ya fita lungu. Ko yaron da ke rarrafe a gidan ya san amfanin wannan ramin.

To a ƙarshen ranin nan sai Yaya ya iso da mota cike da wani abu kore a naɗe kamar kafet. Wai ciyawar roba ce, zai yi wa yaransa filin ƙwallo a bayan gida, don in sun zo hutu suna cewa ƙauye ba abin yi. Yaran da ba sa cika sati a garin, kuma rabin satin suna kan waya. Ya gani ne a gidan wani ogansa, shi ke nan ya hana kansa barci. Wanda ya sayar masa a Sakkwato ya ce zai turo masu shimfiɗawa, Yaya ya ce ba ya buƙata, ya kalli bidiyo a waya ya gane komai. Mutumin da ban taɓa gani ya kafa ƙusa ta miƙe ba, rana ɗaya ya zama injiniya.

A bidiyon an ce wai sai an danne ƙasa ta yi ƙarfi kafin a shimfiɗa, da wani inji ake yi. Babu injin a kusa, kuma Yaya ba mai jira ba ne. Sai dabara ta faɗo masa, ya ce ai mu muna da namu tun kaka da kakanni, a yi daɓe. Ya je ya durƙusa gaban Inna ya roƙe ta. Jama'a, da kun ga fuskar tsohuwar nan ranar. Ta kira ni a waya ta ce, "Ɗiyata, rabon da yayanki shi ce Inna yi mani wani abu har na mance. Yau ga shi ya roƙe ni da bakinai. Ki taho ki gani." Na zo na tarar ta aika an kira sauran ƙawayenta da suka rage, tsofaffi masu ciwon gwiwa, an jiƙa makuba, an kakkaɓe madaɓai. Suka yi ta bugu suna waƙa suna guɗa, Inna a gaba tana nuna inda bai ji ba. Yaya yana gefe da tabarau yana ɗaukar su bidiyo, ya tura wa abokansa da rubutun wai al'ada ta haɗu da zamani. Gaskiya ni ma ranar na ji daɗi, don na daɗe ban ga Inna tana dariya har da hawaye ba. Kuma daɓen ya yi, ko kusa ba a magana, filin ya koma kamar bayan faranti.

Daga nan ya shiga yaƙi da ciyawa. Kullum maganarsa kada kiri-kiri da aya-aya su huda masa kafet. Bidiyon ya nuna ana shimfiɗa wani baƙin abu a ƙasa don hana ciyawa fitowa, shi kuwa Yaya baƙin kawai ya gani, ya aika kasuwa aka sayo masa baƙar leda mai kauri, irin wadda ake shanyar shinkafa a kai, ya sa aka ninka ta biyu. Sannan ya sa magini ya zagaye filin da layin bulo don gefen kafet ɗin ya zauna daidai. Da aka zo kusurwar rariya maginin ya tsaya, Yaya ya ce a toshe, wai ta nan ɓeraye ke shigowa kuma tana ɓata masa tsari. A nan na yi magana, na ce Yaya ruwan fa ta ina zai fita? Ya ɗaga gefen ciyawar ya nuna min 'yan hujojin da ke bayanta, ya ce ta nan zai bi ya shige ƙasa. Na ce wace ƙasar, wadda aka daɓe aka rufe da leda? Sai ya juyo, Hausar Abujar ta gudu, ya ce, "Ke mi kis sani ga aikin injiniya? Tahi ki koya ma ɗiyan mutane baƙi da wasali, ki bar manya su yi aiki." A gaban leburori ya faɗa. Na ce a raina wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Aka gama, aka ja farin layi, aka kafa 'yan raga biyu. Yaran suka zo da sallah, suka shiga da rana tsaka ba takalmi, suka fito da gudu suna kuka, don robar ta ɗauki zafin Sakkwato kamar kaskon tuya. Sau ɗaya suka buga da yamma aka ɗauki hoto, washegari suka koma Abuja. Akuyar maƙwabta ce kawai ta ba filin muhimmanci, ita ma da ta ɗanɗana ta tofar.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi, filin ya zama tafki. Ku kwatanta da kanku, ƙasa daɓe, sama leda, gefe bulo, rariya a toshe. Kwano ne aka gina aka sa masa koren murfi. In ka taka sai ka ji ciyawar tana lilo, ruwa yana tsartuwa ta hujojin nan da ya nuna min da alfahari. Kwana da kwanaki bai janye ba, ya fara wari, kwaɗi suka tare, sauro kuwa sai wanda ya gani. Abin dariyar ma, ciyawar gasken da aka yi duk wannan hidima don hana ta ta fito abinta, ta bi ta bakin bulo da inda aka haɗa kafet da kafet, ta yi tsawo ta fi ta robar kyau. Aikin baban giwa ke nan.

Da a nan abin ya tsaya da ban dame ku ba, da na ce shi ya jiyo, dukiyarsa ce. Amma gefe ɗaya na filin ba a sa masa bulo ba, don bangon ɗakin Inna ne ya tare wurin. Duk ruwan da ya rasa hanya a gindin bangon nan yake kwanciya, bangon ƙasa, wanda ya girme ni. Da farko danshi ne ya hau daga ƙasa, ya yi duhu har kusan gwiwa. Sai yaɓen waje ya fara zubowa. Zuwan da na yi na baya na danna gindin da yatsa, yatsan ya shige. Ta ciki kuma wata tsaga ta taso daga bayan gadonta ta nufi sama, kuma gadon nan a jikin bangon yake, a nan take kwana. Duk wanda ya tashi a ginin ƙasa ya san yadda yake yi, ba ya sallama, yana jiƙa ne a hankali sannan ya zauna gaba ɗaya. Tun ranar in na ga hadari ya haɗu ta wajen Bodinga ina aji, wallahi ba na sanin abin da nake koyarwa.

Ban tsaya zato ba, na nemi lambar mai shagon da ya sayar da ciyawar na kira shi, ban ce ƙorafi na kawo ba, na ce tambaya ce. Ya ce a ƙasar laka ba a shimfiɗa ta kai tsaye ko kaɗan. Sai an kwashe saman lakar, a ba wurin gangare ya kauce wa gini, a haƙa 'yar hanya a kwantar da fayif mai huji-huji da zai kai ruwa waje, a zuba tsakuwa da kauri a danne, sannan a shimfiɗa abin hana ciyawar, shi ma wani irin yadi ne da ruwa ke ratsawa, ba leda ba. Da na gaya masa abin da aka yi sai ya ce Hajiya a gaggauta. Na ce in an buɗe rariyar kawai fa? Ya ce zai rage, amma tunda an daɓe wurin a miƙe, kuma ya ɗan fi karkata wajen ɗakin, dole a ɗage kafet, a cire leda, a fasa daɓen a fitar da hanya, in ba haka ba gindin bangon ba zai bushe ba.

Na kira Yaya na tura masa hotuna. Ya ce damina ce, kowane gida da danshi. Na sake kira, ya ce yana mitin. Na uku ya ɗauka da faɗa, wai tun farko ina baƙin ciki da filin, wai ni ba na son ci gaba, wai in an ɗage kafet ɗin gam ɗin ya lalace ba zai koma daidai ba. Na ce Yaya kafet ake magana ko Inna? Ya ce ai ga ɗaki nan a gaba da tayil da fanka ya gyara mata tun bara ta ƙi shiga, laifin wa? Sai ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Dama ɗakin nan shi ka rage ma hilin tsawo. In ta tashi sai a ida shi, a samu hili cikakke." Ya ce wasa yake yi. Ni ban ji wasa a ciki ba. Ban ce yana so bango ya faɗa wa uwarsa ba, Allah ya kiyaye, ban kai shi can ba. Amma na yarda har zuciyata cewa lalacewar ɗakin ba ta dame shi ba, jira yake tsoro ya kore ta ya samu yadda yake so ba tare da an ce ya tashi uwarsa ba. Tun daga wannan wayar girmansa ya zube a idona, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Mutum da furfura a gemu, ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, a kan filin da ko shi bai taɓa buga ƙwallo a ciki ba don tumbi.

To sai na ce bari in bi ta wurin Inna, in ta ce a fasa ai ba mai hanawa. A nan na gamu da abin da ya fi ƙarfina. Na zauna na yi mata bayani a hankali, na ce ruwan ya rasa hanya ne saboda ƙasan ba ta sha. Sai ta gyara zama, fuskarta ta washe, ta ce, "Ai daɓena bai taɓa shan ruwa ba. Ki tambaya har Dingyadi, ɗakunan da niy yi tun kina goye suna nan." Da alfahari ta faɗa, jama'a. Abin da nake nuna mata a matsayin matsala, ita yabo ta ji. Da na fito fili na ce sai an fasa shi, sai ta ɗaure fuska, ta ce aikin da ɗanta ya roƙe ta, ta tara tsofaffi suka ƙare ƙarfinsu a kai, shi zan kawo ƙattai da diga su farfasa, gari ya ji cewa daɓen Inna ne ya ci ɗakinta? Ta ce, "Kak ki kuskura ki sa a taɓa hilinga. Kuma kak ki haɗa ni da ɗana, ɗaya gare ni namiji." Na ce to ki koma ɗakin gaba zuwa kaka. Ta ce tayil yana sa mata sanyin ƙafa, kuma ɗakin ya ga ruwan da ya fi wannan. Na ce ki zo Shagari ki zauna wurina. Ta ce ba ta kwana gidan suruki tana da gidanta. Na yi kuka, na yi lallashi, har fushi na yi na tafi ban ci abincinta ba, duk a banza.

Maigidana ya ce shi ba zai sa baki a gidan surukai ba, amma in na yanke shawara zai samo min leburori daga Kajiji, waɗanda ba su san kowa a unguwar ba, su zo da safe su gama kafin la'asar. Ya kuma ce in tuna gidan gado ne, Yaya yana da kaso biyu ina da ɗaya, kuma duk dangi za su ce ƙanwa mace ta shiga ta ɓarnata kayan wanta. Wannan bai dame ni ba, su faɗa, ciyawar roba ce ba Alƙur'ani ba. Akwai ƙanin Inna da zan iya kai wa ƙara, amma Yaya ne ke masa hidimar sallah, na san inda zai karkata, zai ce a yi haƙuri a bari Alhaji, wato Yaya, ya zo. Alhaji kuwa ba zai zo ba sai an yi rasuwa, kuma ita nake gudu.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto yau shi ne abin da na gani jiya. Na je da rana na tarar bangon nan fayau. Kwanonin jerenta na aure, da tasoshin da ta fi ji da su, da akwatin da take ajiye likkafaninta da turare, duk ta sa an kwashe an kai ɗakin gaba an jera a kan tayil. Na tambayi mai taya ta aiki, ta ce Inna ce ta ce a kwashe kada danshi ya ɓata su. Ashe ta sani. Ta san bangon yana tafiya, ta tsirar da kwanoni, ita kuma ta bar gadonta a inda yake, don in ta tashi ta yarda ke nan cewa aikinta da na ɗanta ne suka jawo. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta tana tsintar wake a kan gadon, tsagar tana bisa kanta, ta ɗago ta ce in shigo in zauna mana.

Ban taɓa saɓa wa Inna a kan abin da ta ce kada in yi ba, ko sau ɗaya, har na kai wannan shekarun. Na san in na kawo leburorin nan za ta tsaya ta ga ana fasa daɓenta na ƙarshe, don ba za ta sake yin wani ba, ƙawayen nata ma ba za su sake iya durƙuso ba. Ban san abin da zai fito daga bakinta a kaina ba ranar, kuma bakin uwa ba abin wasa ba ne. Yaya kuwa ko ya daina yi min magana har abada, hutu ne a wurina.

Don Allah masu ilimin addini da masu hankali, da waɗanda suka san gini, ku gaya min. In kawo su gobe su fasa, in ɗauki fushinta tana raye? Ko akwai wata hanyar fitar da ruwan da ban sani ba, wadda za ta ceci bangon ba tare da diga ta taɓa daɓen ba? Ko kuwa in bi maganarta in zauna a Shagari ina kallon hadari? Ku ba ni amsa da wuri don Allah, yau ma gabas ta yi baƙi, kuma a kan gadon nan za ta kwana.